Akuyar da Ta Yi Hagu

"Lafiya lau, Malam. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi. Ke ce dai babu sauƙi. Matso daga bakin ƙofa, kin tare mini iska."

Ni'ima ta matsa da gwiwoyinta, ta ƙarasa gaisuwar a gefen tabarma, sannan ta sauke baƙar jakar da ke bayanta ta jingine da bango. Hantsi ne na ranar Alhamis. Malam Bakari yana inda ya saba zama, a zauren gidansa da ke bayan Ƙofar Dumi, ya miƙe ƙafafu a kan buzu, tabarau a goshi, rediyo a kashe kusa da buta. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana magatakardan kotu kafin ya yi ritaya, kuma har yau in aka kawo masa magana sai ya tambayi ranar da abin ya faru da sunayen waɗanda suke wurin. Ni'ima jikarsa ce, 'yar ɗansa Muktar. Tun tana rarrafe yake kiranta matarsa, ita kuma tun da ta iya magana take cewa ba ta so.

Abin da ya taso da ita a keke-napep daga Gwallameji ba dogo ba ne. Ta gama karatun kwamfuta a jami'a, can Gubi, tana jiran bautar ƙasa. Shekara ɗaya da rabi ta yi tana ƙera wani gem, wato wasan kwamfuta, ita kaɗai a ɗakinta, ta tura wa masu shirya wani baje-kolin wasanni a Legas, suka zaɓe shi. Sun ba ta zuwa gobe Juma'a ta aika musu da kammalallen wasan, ta kuma faɗa ko za ta zo ko ba za ta zo ba. Mahaifinta ya ce ba za ta ba. Da ta dame shi da roƙo sai ya ce ta je wurin Malam, in ya yarda shi ma ya yarda. Ya faɗi haka ne domin ya san ubansa.

"Me kika kawo mini?" in ji tsohon.

"Kaina."

"Wannan ai na daɗe da shi, ban ga amfaninsa ba. Mace ta taso tun daga Gwallameji, ta wuce masu masa iyaka masu masa, ta shigo wa mijinta hannu rabbana."

"Wadda na kawo maka wancan satin fa? Likita ya hana ka maiƙo, ka ɓoye ta a ƙarƙashin buzu, Gwaggo Habibatu ta kama ka kana ci. Ni aka yi wa faɗa."

"Sharri ne. Ajiya aka ba ni."

"Ajiya a baki?"

"Nan ne ɓera ba ya zuwa."

"Ni dai na gaji da wannan aure. Miji ba haƙori, ba gashi, sallama sai an yi masa sau uku."

"Haƙorana huɗu, kuma duk nawa ne. Je ki nemo wanda zai kwashe ki, yau in sa hannu. Wa zai ɗauki mace mai ido huɗu, wadda ta wuni tana hira da akwati?"

"Kai ma ai ido huɗun ne."

"Nawa na shekaru ne. Naki na rashin jin magana ne."

Ta gyara zaman nata tabarau, ta jawo jakar ta zuge.

"Malam, magana ce ta kawo ni."

"Na sani. Ubanki ya bugo mini jiya bayan la'asar. Ya ce za ki zo, in ce a'a."

"Haka ya ce?"

"Bai faɗa da baki ba, amma ni na haife shi. Wai kin yi wasan yara kina so ki kai Legas. Na ce masa ni ban taɓa rubuta hukunci a kan abin da ba a ajiye a gaban kotu ba. Ina abin yake?"

Ta ɗora laftof ɗin a kan 'yar kujerar tsugunno a gabansa, ta jona masa abin riƙewar nan mai maɓallai wanda 'yan gem ke ce wa hannu, ta kunna. Wani siririn kiɗa ya fara fita, ƙit-ƙit-ƙirit, kamar kukan tsohon agogon hannu. Kasuwa ta bayyana a fuskar kwamfutar: rumfuna, buhunan albasa, duwatsu can baya. Komai an yi shi da ƙananan kusurwoyi, kamar an jera ƙwayoyin sukari. A tsakiya wata jar halitta ce tsaye tana kaɗa ɗan guntun bindi.

Malam Bakari ya sauko da tabaransa kan hanci, ya duƙa ya duba.

"Wannan mece ce?"

"Akuya."

"Wa ya taka ta?"

"Ba wanda ya taka ta."

"To me ya sa kanta ya yi kusurwa huɗu kamar bulo? Shekara huɗu ana kai ki Gubi ana dawo da ke, ki fito ba ki iya zana akuya ba. Ni da gawayi sai in zana wadda ta fi wannan, har a taya ta."

"Da gangan na yi. Haka gem na da yake, na shekara talatin da suka wuce. Yanzu mutane sun dawo suna son tsohon yayi."

"Ashe. Shi ya sa kika maƙale mini."

"Tsohon yayi na ce, ban ce tsohon da ya ƙare ba."

Ta yi masa bayani a taƙaice. An kawo akuyar kasuwa ana gobe Sallah, ta tsinke igiya, za ta koma gida ƙauyen Zungur. Aikin mai wasa shi ne ya tafi da ita, ta haura buhuna, ta tsallake kwata, ta taka rufin keke, ta hau katanga, tana tsintar harawa a hanya. Mai igiya yana biye da ita. Rai uku gare ta.

"Tsaya," in ji Malam Bakari. "An yi ciniki an sallama kafin ta tsinke?"

"An sallama."

"To akuyar mai saye ce. Ke nan kin zauna shekara da rabi kina koya wa jama'a yadda za su taimaki dukiyar wani ta gudu."

"Akuyar ba ta sa hannu ba."

"Kuma wa ya ba ta rai uku? Ni da nake mutum ɗaya aka ba ni, ina ta lallaɓa shi."

"Kai ai naka ya ƙi ƙarewa. Ungo, riƙe. Hannu biyu. Ba ƙoƙon fura ba ne, kar ka kai baki. Wannan na tafiya, wannan jan na tsalle."

Ya karɓa, ya juya shi sama da ƙasa, ya yi bisimilla. Ya ɗora babban yatsansa a kan maɓallin tafiya ya danna hagu. Akuyar ta juya, ta yi taku shida ko bakwai, ta kai bakin fuskar kwamfutar, ta wuce. Kiɗan ya maƙale a kan sauti ɗaya, ya ja shi tsawon numfashi biyu. Sai fuskar ta yi baƙi ƙirin, wasu fararen layukan rubutu suka jeru a sama.

Ni'ima ta kalli rubutun. Ta kalli hannun kakanta.

"Me ka danna?"

"Abin da kika ce. Tafiya."

"Dama ake yi."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani. Duk gem irin wannan dama ake yi."

"Ni shekara saba'in ina karatu daga dama zuwa hagu. Allona haka, rabin takardun da na rubuta a kotu haka. Kuma ke kika ce gida za ta. Wanda zai koma gida ai baya yake yi."

Ta juyo da laftof ɗin gabanta ta fara buɗe wasu shafuka. Mutum ashirin da bakwai ne suka gwada wasan nan kafin yau, 'yan ajinsu da ƙannenta da wani malaminta, wasu har ƙarshe sau biyu. Babu ko ɗaya da ya yi hagu. Da gobe ta tura shi haka, wani daga cikin masu dubawa a Legas ya yi abin da tsohon nan ya yi, a minti na farko wasan zai mutu a hannunsa.

Malam Bakari ya dube ta. Ya bar ta ta yi ta danne-dannenta na ɗan lokaci, sannan ya yi gyaran murya.

"Ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba. Ta faɗa inda ban gina komai ba."

"Ashe ke ma irin 'yan kwangilar nan ce, a shafe gaban gida a bar baya."

"Malam, ka bari in yi tunani."

"Yi. Ban san kina yi ba, shi ya sa."

Ta yi minti kamar goma kanta a ƙasa. Wani mai kifi ya wuce ta ƙofar gida yana busa ƙaho, tsohon ya bi shi da kunne har ya yi nisa.

"Katanga zan sa," in ji ta. "In ta zo nan ta tsaya."

"Akuya da katanga? Wadda kika ce tana hawa katanga a gaba, a nan kuma sai ta ji kunya?"

"To me zan sa?"

"Mai igiyar nan. Ina yake tsaye kafin ta gudu?"

"Bai fito ba tukuna, sai an yi nisa."

"Tsayar da shi a nan da igiyarsa a hannu. Duk wanda ya yi hagu ya gan shi, ba sai an gaya masa ya juya ba."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau, ta koma kan aikinta.

"Zan sa. Ba don ka faɗa ba. Dama yana raina."

"Na sani. Duk abin kirki da na taɓa faɗa a gidan nan dama yana ran wani."

Kafin rabin awa ta gama. Ta sake kunna wasan don ta gwada. Akuyar ta yi hagu, ta ci karo da wani mutum mai hula da kusurwa huɗu riƙe da igiya, ya cafke ta. Ta gwada sau huɗu, fuskar ba ta yi baƙi ba. Ta sauke numfashi, ta bar kiɗan yana ta zagaye yana dawowa.

Tsohon ya karkata kansa wajen kwamfutar, da kunnen da ya fi ji.

"Na san wannan kukan."

"Ni na haɗa shi da kaina. Ba inda ka ji shi."

"Ba shi ba, ɗan'uwansa. Shekarar da aka yi mini ƙarin girma, akwai wani shago wajen Wunti, an rataya labule baƙi a ƙofa. In ka wuce sai ka ji irin wannan ƙit-ƙit ɗin, da hayaniyar yara. Wata Laraba malamin Islamiyya ya aiko wai kwana tara bai ga Muktar ba. Na bi kukan nan na ɗaga labule. Ga shi zaune a gaban talabijin, riƙe da irin wannan abin, yara sun zagaye shi suna kallo. Mai shagon ya ce mini in bar shi ya ƙarasa, wai ba wanda ya taɓa kaiwa inda ya kai."

"Abba?"

"Ubanki. Da kunne na janyo shi har gidan nan. A nan inda kike zaune ya sha bulala."

"Abban da ya ce wasan yara ne? Wanda in ya shigo falo ya ga ƙannena suna bugawa yake zare waya daga bango?"

"Shi. Tun ranar bai ƙara taɓawa ba, a sanina. Karatunsa ya miƙe, ga shi yau da ofis da mota." Ya shafa gemu. "Ban bar shi ya ƙarasa ba dai. Minti biyar mai shagon ya roƙa. Miƙo abin nan, wannan karon dama zan yi, in ga abin da kuka gani a can."

Ya yi dama. Akuyar ta haura buhu na farko bisa kuskure, ta ƙi haura na biyu har sai da Ni'ima ta nuna masa jan maɓallin sau uku. Ya tsinci harawa ɗaya, ya ce a rubuta. Daga nan suka iso kwata: wani baƙin rami mai faɗin akuya biyu, ruwa kore yana motsi a ciki. Ya danna tsalle tun da sauran taku huɗu. Akuyar ta tashi sama, ta sauko, ta yi gaba, ta faɗa.

"Ka yi sauri," in ji Ni'ima.

"Ita ta yi sauri."

Ya sake. Wannan karon sai da ta faɗa sannan ya danna.

"Yanzu kuma ka makara."

"Akuyar ƙauye ce, ba ta san kwata ba. Da ta cikin gari kika zana da tuni ta wuce."

"Ƙanwata mai shekara tara a karo na biyu ta tsallake wannan."

"Ita ai ba ta da iyali. Ni ina tsalle ina tunanin abin da za a ci da rana."

Rai na uku ya tafi. Rubutu ya fito, ya tambayi me aka ce, ta ce an ce ya ƙare. Ya ce a ɗaukaka ƙara. Ta mayar masa da wasan farko.

Haka suka yi ta yi. Rana ta matso har ta taɓa bakin tabarma, Ni'ima ta ja kujerar ciki. Tsohon ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. In akuyar za ta yi tsalle sai ya ɗaga hannun gem ɗin sama, kafaɗarsa ta bi, wani lokaci har da ƙafar dama. Ni'ima ta fito da ɗan littafi tana rubuta wani abu duk sanda ya faɗa.

"Me kike rubutawa?"

"Inda kake kuskure."

"Takarda ba za ta ishe ki ba, kin auri mai tarihi. Sau nawa yanzu?"

"Goma sha tara."

"Ƙarya ne. Cire guda biyu, atishawa na yi."

"Sau ɗaya ka yi atishawa."

"Ɗayan tana hanya."

"Malam, ka haƙura. Wannan ba aikin wanda ya ga zuwan jirgin ƙasa Bauchi ba ne."

"Na ga zuwansa, kuma ina nan. Ke me kika gani ban da caji ya ƙare? Tashi ki karɓo mini maganin rana wurin gwaggonki, da ruwan randa, ba na firji ba. Zamanki a nan ne yake tsorata dabbar."

Ta tashi ta shiga cikin gida. Gwaggo Habibatu, 'yarsa da ke kula da shi, ta riƙe ta da tambayar mutanen Gwallameji, da ko an gyara famfon da ya fashe. Ta yi minti biyar ko shida. Da ta dawo da kofi da ƙwayoyi biyu a tafin hannu, ta tarar da shi ya jingina da bango, ya mayar da hularsa, hannun gem ɗin a kan cinya. A fuskar kwamfutar akuyar tana tsaye a ɗaya gefen kwatar tana kaɗa bindi.

"Ga ta nan," ya ce, bai ko dubi wurin ba. "Dama ke ce matsalar."

Ni'ima ta ajiye kofin a hankali.

"Kai ka tsallake?"

"A'a, liman ne ya shigo ya taya ni."

"Wa ya gani?"

"Ga akuya a gabanki."

"Akuya na gani, ban ga tsalle ba. Ranar da abin ya faru na sani. Ina sunayen waɗanda suke wurin?"

"Ni da Allah."

"A kotunku haka kake rubutawa?"

Ya karɓi maganin ya haɗiye, ya kora da ruwa.

"Wa ya koya miki wannan rashin kunyar?"

"A gidan miji na koya. Maimaita a gabana in sa hannu."

Ta mayar da akuyar baya. Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya tafi da ita a guje. Ta faɗa. Ya sake, ta faɗa. A na uku ƙafafunta na gaba sun taɓa ɗaya bakin, ta zame ta koma ciki. Ya ajiye hannun gem ɗin a kan buzu, ya murza yatsunsa da suka ƙage.

"In kin je Legas ɗin, me za a ba ki?"

Muryarsa ta canja, ita ma ta ajiye littafin.

"Ƙila ba komai. Tebur ɗaya za su ba ni, kwana uku. Mutane su zo su buga, ni in tsaya a gefe in ga inda suke faɗawa. Akwai masu kamfanoni da za su zo, wataƙila wani ya tsaya, wataƙila ba wanda zai tsaya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Duk wanda ya buga shi zuwa yau ya san ni. Ina so in ga wanda bai san ni ba ya zauna a kai ya manta ina wurin."

"In kuma ba ki je ba?"

"Su ba wani teburin. Ni in tafi bautar ƙasa, in dawo Abba ya nema mini aiki a ofis."

Ya dubi agogon bango. Sha biyu ta wuce da kwata. Tun ƙarfe goma bai kunna rediyo ba, abin da bai taɓa faruwa ba in ba ranar da yake kwance a asibiti ba. Ya laluba aljihun jamfarsa ya fito da ƙaramar wayarsa mai maɓallai, ya miƙa mata.

"Nemo mini ubanki. Ki sa ta a fili, kunnena ba ya son sirri."

Ta yi ƙara sau biyu, Muktar ya ɗauka. Ya gaida mahaifinsa cikin ladabi, ya tambayi jiki, ya tambayi Habibatu. Ana jin ƙarar fanka da takardu ta wajensa.

"Yarinyar nan ta zo," in ji Malam Bakari.

"To, Malam. Ai na gaya mata duk abin da ka ce shi ke nan. Ka ga dai abin, wasan yara ne, ga nisa, ga hanya."

"Na gani. Awa biyu ina kai ban wuce kwatar farko ba, in na yara ne to yaran yanzu sun fi alƙalan da na yi wa aiki. Za ta je."

Muktar ya yi gyaran murya.

"Malam, ita kaɗai, Legas..."

"Khadijatu 'yar ƙanwata tana Agege da mijinta da 'ya'ya biyar. A can za ta sauka, ita za ta kai ta ta ɗauko ta. Zan kira ta bayan azahar. Kuma ban san me ya kawo bakinka ciki ba tun farko. Mace da mijinta a raye, uba ne zai ba ta izinin tafiya? Na sallame ta kwana biyar. In ta ƙara ɗaya ta nemi wani."

"To, Malam. Allah ya sa hakan ne alheri."

"Amin."

Ba wanda ya kashe wayar. Can Muktar ya sake magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya juya wa abokan aiki baya.

"Wai irin na da ne?"

"Irinsa."

"To. Ta zo da shi falo in na dawo, in duba ko da abin da bai dace ba."

"Ka duba da kyau," in ji tsohon, ya miƙa wa Ni'ima wayar ta kashe.

Ta kashe wayar ta ajiye. Ta durƙusa sosai, ta fara godiya irin ta gaske, da addu'ar ƙarin lafiya da nisan kwana. Ya ɗaga mata hannu.

"Tashi, tashi. Ladabi ba ya miki kyau, kamar an sa wa jaki ɗankunne. Kwashe akwatinki ki ba ni wuri in yi alwala."

Ta naɗe wayar hannun gem ɗin, ta rufe laftof, ta zura a jaka. Ta goya jakar, ta kai bakin ƙofa tana neman takalminta da ƙafa.

"Na yarda ka tsallake," ta ce. "Ba shaida, amma na sa hannu. Zan rubuta sunanka a ƙarshen wasan, cikin waɗanda suka gwada."

Malam Bakari yana jawo buta. Kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har haƙoran nan huɗu suka fito, ya yi tari, ya share ido da hannun riga.

"Amarya, dawo. Ban tsallake ba."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Faɗawa ta yi kamar kullum. Haushi ya kama ni na matse maɓallan nan duka biyu da ƙarfi, sai na ga ta nutse ta ɓullo ta wancan gefen."

Ni'ima ta dube shi. Ta dubi titi, inda wani keke ya rage gudu yana mata hon. Ta girgiza wa mai keken kai, ta cire takalmin, ta dawo ta zauna a gefen tabarma ta zuge jakar.

"Wanne da wanne ka matse?"

"Sai na yi salla," in ji shi. "Kuma sai an kawo masa."